Manhajar Gwaji Ta Tona Ciwon Kunnen da Na Ɓoye

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta labaran da mutane ke turo wa wannan shafi, yau dai na ce bari ni ma in ba da nawa, ko wani zai tsinci abin da zai amfane shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba.

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, muna zaune a wani gidan haya mai yawan jama'a a unguwar Nima, cikin birnin Accra. Mahaifina mutumin Nijar ne, fatauci ya kawo shi Accra, mahaifiyata kuwa haifaffiyar unguwar Maamobi ce. Na tashi da Hausa iri biyu a bakina, ta gida da ta layi, ga Twi, ga Turanci, ga ɗan abin da ba a rasa ba na yaren Ga. Bakin nan shi ya samo mini aiki a wani kamfani mai kai wa mutane kayan da suka saya ta intanet. Aikina amsa kira ne: wanda kayansa suka makara, wanda aka kai wa takalmi ba daidai ƙafarsa ba, wanda mai babur ya kasa gane gidansa. Daga ɗaki nake yi, da kwamfutata ta cinya da abin ji a kunne. Ina ji da aikin nan ba kaɗan ba, domin matan danginmu sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da koko suka gada, ni ce ta farko da ta ci abinci da kwamfuta.

Bayan haihuwata ta biyu na yi zazzaɓi mai tsanani. Na warke, amma kunnena bai dawo daidai ba. Da farko wata ƙara ce siririya da ba ta yankewa, na ce gajiya ce. Daga baya na hagu ya toshe kamar an cusa auduga, na dama kuma yana ji amma kamar daga cikin ruwa. Masallaci yana jikin gidanmu, sai ga shi kiran asuba yana wuce ni sai maigida ya taɓa ni. Matan gidan suka fara cewa tun da na kama aikin kwamfuta na daina amsa gaisuwa. Na gwammace a ce girman kai gare ni da a ce kurma ce ni. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma je asibiti ba, saboda ina tsoron abin da za a ce mini. A wurin aiki kuwa abin ya fara fitowa fili. Sai in sa mutum ya maimaita adireshi har ya hasala ya kashe waya. Shugabarmu, wadda muke kira Madam, ta rubuto mini cewa ƙorafi ya yi yawa a kaina, in mai da hankali.

Ana cikin haka, a zauren waya na waɗanda muka koyi kwamfuta tare a unguwar Kanda, wani ya sa labarin sabuwar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Ba a sake ta ga jama'a ba tukuna, amma duk mai so zai iya shiga cikin masu gwaji ya sauke ta. Abokanmu suna ta yaba kyan fuskarta, ni kuwa abu ɗaya ya tsaya mini a rai: an ce duk maganar da ta fito daga kwamfutar, manhajar za ta rubuta ta a ƙasan allo nan take. Na karanta wurin nan ban san sau nawa ba.

Yayana yana da shagon gyaran kwamfuta da waya a bakin babban titi. Na tambaye shi kamar da wasa, ban faɗa masa dalili ba. Ya ce kada in kuskura. Ya ce abin gwaji sunansa abin gwaji, masu shi ma ba su gama sanin halinsa ba, kuma ba a ɗora shi a kan na'urar da mutum ke neman abinci da ita. Su kansu masu manhajar sun rubuta wannan gargaɗi ƙarara a shafin da ake saukewa. Na gani, na fahimta, na danna na yarda. Ranar wata Asabar da rana na yi, maigida yana wurin ɗinkinsa, jaririn yana barci.

Ba zan manta yadda ta buɗe ba. Komai ya sauya wuri, abubuwan da na saba gani a gefe sun koma tsakiya, na ɗan jima ina laluben inda aka kai ma'ajiyar takarduna. Da na gano inda ake kunna rubutun murya, sai na sa wani bidiyo na babbar 'yata tana karanta waƙar makaranta da Turanci. Bidiyon ya daɗe a wurina, ina ganin bakinta yana motsi amma rabin kalmomin ba sa iso ni. Sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a ƙasan allo. Na zauna a bakin gado na yi kuka, na sake kunnawa, na sake yin kuka.

Aiki ya gyaru. Mai kira yana magana, ina haɗa ɗan abin da kunnena ya kamo da abin da idona ya karanta. Sai dai manhajar ba ta san mu ba. Hausa da Twi ba ta jin ko ɗaya, in mutum ya juya harshe sai ta yi ta zubo kalmomin da ba kai ba gindi, don haka na koyi lallaɓa mutane su koma Turanci. Turancin namu ma yana ba ta wuya. Sunayen unguwanni kuwa abin dariya ne, duk wanda ya ce Maamobi sai ta ɗauka "my mobile" aka ce, ta rubuta wani abu game da wayar hannu. Ga wasu matsalolin: batir ba ya jimawa, kwamfutar tana ɗaukar zafi har ba na iya ɗora ta a cinya, wani lokaci allon ya ƙame sai na kashe na kunna. Duk na haƙura, saboda abin da take ba ni ya fi abin da take ƙwacewa.

Akwai wurin da aka tanada don masu gwaji su kai ƙorafi, da kuma zauren da suke tattaunawa. Na zama 'yar gida a can. Duk abin da ta rubuta ba daidai ba sai in tura, in yi bayanin yadda muke furta shi a nan. A zauren na haɗu da wani dattijo daga wata ƙasa mai nisa, wanda ya ce shi tun yana saurayi ya daina ji. Shi ne mutum na farko a duniya da na gaya wa halin da nake ciki, wataƙila don ba zai taɓa haɗuwa da ni a kasuwar Nima ba. Ya ba ni dabaru masu yawa, amma kullum sai ya ƙare da tambayar ko na ga likita, ko mutanen gidana sun sani. Ni kuma sai in sauya magana.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Sallah, lokacin da kira ya fi yawa, manhajar ta sabunta kanta kamar yadda ta saba. Da safe na kunna, sai na ga rubutun murya ya ɓace, kwamfutar ma ta ce ba ta ga abin ji a kunnen ba. Na kashe na kunna. Allon ya rikiɗe ya zama kore, ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa, haka ta yi ta yi. Ranar ce kuma Madam ta sa za ta saurari kiranmu kai tsaye. Da ba ta gan ni ba sai ta kira wayata. Na kara a kunnen dama, na ji murya tana tashi tana sauka, amma ban kama kalma ko ɗaya ba. Na yi ta cewa to Madam, to Madam. Can sai ga saƙonta a rubuce, tana cewa ta yi mini tambaya har sau da yawa ina ce mata to, in zo ofis bayan Sallah mu yi magana.

Na goya jaririn, na sa kwamfutar a jaka, na shiga motar haya da muke kira trotro zuwa shagon Yaya. Yana buɗewa ya gane abin da na yi. Bai yi faɗa ba, ya dai girgiza kai ya juya yana neman wani abu a kanta. Ni kuma ina tsaye ina kallon titi. Ashe yana ta yi mini magana ta baya, yana tambayar ko na ajiye takarduna a wani wuri dabam. Ban sani ba sai da na ji hannunsa a kafaɗata. Ya zagayo ya tsaya a gabana, ya dube ni sosai, ya yi magana a hankali yadda zan ga bakinsa.

"Ƙanwata, tun yaushe ba kya ji?"

Na ce tun bayan suna. Ya zauna a kan benci. Ya ce, "Shi ya sa kika ɗora abin nan. Da kin faɗa mini, da na ba ki wata tsohuwar kwamfuta kin gwada a kai, da kuma ni da kaina na kai ki asibiti."

Gyaran bai zo da sauƙi ba, domin shi ma bai taɓa taɓa wannan manhaja ba. Na shiga zauren masu gwaji ta wayata, na tarar ba ni kaɗai ba ce, mutane da yawa sabuntawar ta kayar musu da na'ura. Dattijon nan ya riga ya rubuta yadda za a koma baya mataki mataki, da ya ga saƙona kuma ya zauna yana amsa tambayoyin Yaya ɗaya bayan ɗaya, ina fassarawa. Wasu da ban san su ba su ma suka sa baki. Sai washegari kwamfutar ta tashi. Wasu hotunan yara sun tafi, amma yawancin abubuwana sun tsira.

Tun ranar da na kai kwamfutar, da yamma Yaya ya rako ni gida, ya ce ko in faɗa wa maigida ko shi ya faɗa. Na faɗa. Maigida ya ce ai ya daɗe da lura. Ya ce yana ganin yadda nake kallon bakin mutane, shi ya sa ya koma zama ta damana in za mu ci abinci, yana jiran ranar da zan yarda da shi in gaya masa. Wannan magana ta fi faɗa yi mini zafi. Mma kuwa, wato mahaifiyata, da ta ji, zani ta ɗaura ta zo ta bi matan gidanmu ɗaki ɗaki tana gaya musu cewa 'yarta ba girman kai gare ta ba, lalura ce. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma tun daga ranar duk wadda za ta gaishe ni sai ta zagayo gabana.

Bayan Sallah na je ofis da shirin a sallame ni. Na gaya wa Madam komai. Ta ce abin da ya ba ta haushi ba ciwon ba ne, ɓoyewar ce, domin akwai sashen da ke amsa wa mutane a rubuce, kuma sun daɗe suna neman mai iya rubuta Hausa da Twi. A can nake har yau, kuma na fi jin daɗinsa. A asibiti ne na ji maganar da har yanzu take ci mini rai. Likita ya ce kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama kuma da na zo da wuri da wataƙila an ceto fiye da abin da ya rage. Aka ba ni ƙaramar na'urar ji. Ba ta mai da ni yadda nake a da ba, amma ina jin kukan ɗana daga tsakar gida.

Daga baya an saki manhajar ga kowa, ta daina yawancin rigimarta, kuma ta fi fahimtar Turancinmu. Ban sani ba ko ƙorafin da na yi ta turawa ya taimaka, ina dai so in ɗauka ya ɗan taimaka. Har yanzu ina cikin masu gwaji, sai dai a kan tsohuwar kwamfutar da Yaya ya ba ni, wadda in ta mutu ba abin da zai mutu tare da ita.

Ba na jin haushin manhajar nan. Ta riƙe ni a lokacin da na ƙi yarda wani mutum ya riƙe ni, da ta faɗi kuma ta faɗi da ni a gaban mutanen da za su iya ɗaga ni. Ina gode wa Allah, ina gode wa Yaya, da maigida, da Mma, da Madam, da dattijon da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ga masu sha'awar sababbin abubuwa, in an ce muku abu na gwaji ne, ku yarda na gwaji ne. Kada ku ɗora shi a kan na'urar da kuke neman abinci da ita, kuma ku ajiye muhimman abubuwanku a wani wuri kafin ku taɓa komai. Ga wanda kuma jikinsa ya sauya yana ɓoyewa, musamman 'yan'uwana mata bayan haihuwa, ku je asibiti tun abin yana ƙarami. Na'ura za ta iya rufa muku asiri na ɗan lokaci, amma ba za ta yi muku magani ba, kuma kwanakin da kuka ɓata ba sa dawowa.

Yanzu duk wanda na haɗu da shi, kafin mu yi nisa nake ce masa ba na ji sosai, ya dube ni in zai yi magana. Na ɗauka faɗin wannan kalma zai kashe ni. Na faɗe ta a kasuwa, na faɗe ta a trotro, na faɗe ta a makarantar 'yata, kuma har yau ba wanda ya juya mini baya. Matsowa kusa suke yi.