Ɗangana Mai Harbin Gwangwani

Kafin Ɗangana ya zama mai gadin kifinmu, babu sana'ar da bai ɗanɗana ba, kuma babu wadda ta shekara a hannunsa. Ya yi kabu-kabu a Yelwa, ya yi dakon albasa a Shanga, har haƙar zinariya ya taɓa zuwa, ya dawo da tari da wando ɗaya. Mutum ne da ko a zaman makoki ƙafarsa ba ta daina rawa. In an yi masa faɗa sai ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Ni kuwa da nake shanya kifi tun ina budurwa, nakan ce masa duk kifin da na gani a taru yawo ne ya kai shi.

Matarsa Murjanatu maƙwabciyata ce a Tungar Bappa, zana ɗaya ya raba mu, don haka na san irin zaman da ta yi. Ba ya dukanta, ba ya zaginta, sai dai ta waiwaya ta ga babu takalmansa a bakin ƙofa. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, don mace ce mai haƙuri, irin haƙurin nan da yake sa mutum ya ji kamar ya girgiza mai shi.

A wata dawowa daga Kontagora ya zo da ƙaramar bindigar iska, wadda ake karya bakinta a saka ƙwayar darma guda, a mayar a harba. Ba ta cin albarushi, ƙararta kuwa ba ta wuce ta tafi ɗaya ba. Duk da haka mai gari bai so ba. Tun harin da 'yan bindiga suka kai Birnin Yauri kunnuwan mutanen yankin nan suka zama na zomo, ko tayar babur ce ta fashe sai ka ga mata sun suri 'ya'ya. Mu masu shanya warangi, ƙananan kifayen nan da ake bazawa a rana, mu muka je muka roƙa, don shirwa da hankaka sun kusa tashinmu daga sana'a. Mai gari ya jujjuya bindigar, ya sa aka harba a gabansa, sannan ya ce:

"Na yarda, amma ka ji da kyau, Ɗangana. Ran da abin ga yay yi ƙarar da ta tada hankalin mutane, ran nan ni ka amshe shi. Ba roƙo, ba ban-haƙuri."

Ba tsuntsayen yake harbi ba, bindigar ma ba ta kai can. Gwangwanayen tumatir ya rataya a kan sanduna, ya kewaye mashanya da su. Shi kuma yana gindin wata ƙirya a zaune. Da shirwa ta kawo sura sai ya auna gwangwanin da ke kusa da ita, ka ji ƙwal, ta yi sama a firgice. Aikin yana son saiti, don in ya kuskure, ƙwayar cikin kifin wata za ta faɗa, kuma bakin matan tunga ba shi da linzami. Ban taɓa tsintar darma a cikin kifina ba.

Abin da ya ba kowa mamaki shi ne yadda bindigar ta zaunar da shi. Rawar ƙafar ba ta bar shi ba, sai dai ta koma cikin yatsu. Duk gwangwanin ƙwaya da direba ya kawo masa daga birni, sai ya juye a ƙwarya ya wanke da ruwan sabulu, wai akwai garin darma da ke manne a jiki yana ɓata cikin bututun. Ya shanya su a kan tsumma mai tsabta. Sannan ya ɗauko wani fasasshen madubi, ya riƙa gangara su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi tafiyar ɗingishi, gindinta ya lotse, sai ya ware ta gefe. Mun sha tsokanarsa cewa ko amarya ba a yi mata wankan da yake wa darma. Bututun kuwa da zaren kamun kifi yake share shi, ya ɗaura ɗan ƙyalle ya ja daga baya zuwa gaba, yana canzawa har ƙyallen ya fito fari. Jikin ƙarfen kaɗai yake shafa wa mai, saboda laimar bakin ruwa. Akwai wani ɗan rami inda iskar ke fitowa ta tura ƙwayar, shi kam ko yatsa mai maiƙo bai yarda ya kusance shi ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, Ɗangana yana gindin ƙirya. Murjanatu ta yi ƙiba. Ta fara dafa abin da yake so da rana, tana kai masa da kanta, abin da ba ta taɓa samun yi ba, don da ba ta san inda rana za ta same shi ba. Ran nan ta leƙo ta kan zana ta ce mini, "Inna Rahila, kin gani ko? Jiya da bakinai yac ce a sake jinkan ɗaki kahin ruwa." Ita abin da ta jiyo a maganar shi ne mijinta yana shirin ganin wata daminar a gida. Na taya ta murna har cikin raina.

Amininsa a tunga shi ne Philip, mai gyaran injin jirgin ruwa, mutum mai hannu a buɗe. A wurin Philip, da duk masu jirgi, babu ciwon ƙarfe da baƙin mai ba ya warkarwa. Kwaɗo ya cije, mai. Almakashi ya yi tsatsa, mai. Da za a bar su, ko rediyo sai sun ɗiga masa. Wata ranar kasuwa Ɗangana ya tafi sallar azahar, ya bar wa Philip bindigar ya riƙe masa. Philip ya karya ta don ya gani, ya ji tana ɗan kuka kamar ƙofar da ta bushe. Tausayi ya kama shi. Ya ɗauko butarsa ta mai, wadda take gauraye da ɗan fetur, ya ɗura a cikin ramin nan har sai da ya ƙoshi, ya goge bayanta tas, ya ajiye. Bai faɗa ba, so yake abokinsa ya ji laushi ya yi mamaki.

Ina tsugune ina juya kifi lokacin da Ɗangana ya dawo. Jirage sun cika bakin gaɓa, 'yan kasuwa daga Wara da Yelwa suna ta ciniki. Shirwa ta kawo sura, ya ɗaga hannu kamar kullum.

Ƙarar da ta tashi ba ta bindigar iska ba ce. Tau! Ga hayaƙi, ga warin ƙuna. Ashe in iskar ta matsu da ƙarfi zafi take yi, in ta tarar da mai sai ya kama da wuta. Wannan daga baya muka sani. A lokacin babu wanda ya tsaya tambaya. Wani ya yi ihu cewa 'yan bindiga sun shigo, kasuwa ta dare. Aka bi ta kan shanyarmu, aka tattake warangi cikin yashi. Mutane suka yi ta faɗawa jirage, wani kwalekwale ya kife a bakin gaɓa, Allah ya sa ruwan iya gwiwa ne. Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta faɗi ta karye a hannu. Ni kaina sai a bayan wani rumbu na tsinci kaina, da takalmi ɗaya.

Da ƙura ta lafa aka taru a ƙofar mai gari. Philip ya iso yana haki, ya durƙusa tun daga nesa.

"Ranka shi daɗe, ni na zuba mata mai. Bai sani ba, wallahi bai sani ba. In horo za a yi, ni za a yi ma."

"Na ji, kuma na yarda," in ji mai gari. "Amma mi nac ce ran farko? Dubi hannun tsohuwar ga. Gobe in an ji bindiga ta gaske, sai a ce ai ta Ɗangana ce, a zauna?"

Raina ya ɓaci, amma na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Mai gari bai yi ƙarya ba, Philip kuma garin neman gira ne ya rasa ido. Ɗangana bai yi musu ba, bai ko dubi abokinsa da fushi ba. Alfarma ɗaya ya nema, a bar shi ya share ta kafin ya miƙa. Nan a gaban jama'a ya zauna, ya fiddo zarensa da ƙyallaye, ya yi ta ja. Na farko ya fito baƙi ƙirin. Robar cikin ta riga ta ƙone, ya san ba za ta sake harbi daidai ba, amma bai tsaya ba sai da ƙyalle ya fito fari. Ina kallon ƙafarsa ta dama, ta fara rawa.

Bai yi mako biyu ba ya bi jirgin da ke zuwa Malale, wai can ana neman masu lodin buhuna. Jinkan ɗakin Murjanatu kuwa, Philip ne ya yi shi, shi kaɗai, bai yarda kowa ya kama masa ba. Yanzu in ba shi da aikin inji yakan zauna a gindin ƙiryar da danƙo yana harbin gwangwanayen, yana kuskurewa, shirwa kuma ta gane shi sarai.

Shekaranjiya na leƙa gidan Murjanatu aron turmi, na tarar ta shimfiɗa tsumma a rana, ta baza ƙwayoyin darma a kai tana juya su da yatsa. Na ce mata, ke kuma aikin me kike yi wa abin da ba shi da bindiga?

"Ran da za shi tahi ya wanke su duka," ta ce, ba ta ɗago ba. "Yac ce kar in bari laima ta taɓa su. Inna, wanda ba shi da niyyar dawowa, shina wanke darma?"

Na ɗauki turmin na fito, na bar ta tana ware masu lotsattsen gindi gefe guda, yadda ta ga yana yi.