Wanda Na Zaɓa Ya Raka Sarjan

A shekarun ƙarshe na aikina a biro, wato ofishin taimakon jama'a na Malanville, an danƙa mini takardun mazan jiya, wato tsoffin sojojin da suka aje kaki suka dawo gida da ciwo. Aikina shi ne in san kowane ɗayansu, in san abin da ke damunsa, in haɗa masa dosiye, wato kundin takardunsa, sannan in bi shi daga ƙofar hukuma zuwa ƙofar asibiti har a biya masa bukata. Ni ɗan lakkwal ne, ɗan makarantar boko na zamanin da ake bugun yatsu saboda ɗigon tawada. Ban taɓa aika takarda kudu aka maido mini ita don kuskure ba, kuma ina faɗin haka har yau ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Cikin mutanen nan akwai wani sarjan da ke zaune a Toumboutou. An tura shi aikin kwantar da tarzoma wata ƙasa, ya dawo da kunne ɗaya a toshe, da zabura duk lokacin da babbar mota ta yi ƙara, da wani ɓarɓashin ƙarfe a ƙasan mararsa. Kunnen da zaburar kowa ya san da su. Na ukun kuwa sai da na yi tafiya huɗu bisa kabu-kabu kafin in ji labarinsa, kuma ba daga bakinsa na ji ba.

Sarjan yana da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifinsa, mai sayar da busasshen kifi a babbar kasuwa. Mutum ne mai baki, murya kamar gangar biki, kuma duk inda ya zauna sai ya bar ƙarni. A zuwana na huɗu na tarar da su biyu ƙarƙashin rumfa. Na tambayi Sarjan jiki, ya miƙe tsaye kamar yadda ya saba, ya ce lafiya lau.

"Ƙarya yake, Mushe," in ji taubashin; haka suke kirana, daga Monsieur na Faransanci. "Wanga bawan nawa randa ce mai tsaguwa. Tambaye shi wando nawa yake wankewa kafin azahar."

"Rufe mini baki, mai warin kifi," in ji Sarjan. "Da ba don mu ba, da kuna can bakin gulbi kuna cin ƙaya."

"To sojan ƙasa, gaya mishi rabonka da masallaci. In ba ka iyawa, ni in gaya mishi."

Sarjan ya zauna. Sannan ya yi mini bayani da kansa, a hankali, taubashin yana cike masa inda ya tsaya. Tun da ƙarfen ya shige shi, fitsari ba ya tsaya masa. Alwalarsa ba ta kai shi ƙofar gida. Malamai sun gaya masa cewa mai lalura irin tasa yana da sauƙi a shari'a, amma ya ce ba zai tsaya a sahu ba mutumin da ke gefensa yana jin abin da ke jikinsa. Shekara uku ke nan yana salla shi kaɗai a ɗaki, har ta Juma'a. Bai roƙe ni komai ba sai abu ɗaya: a yi masa aiki, ya koma jam'i kafin ya mutu.

Aikin kuwa ba a yin sa sai a babban asibitin soja na kudu, kuma ba a karɓar mutum can sai likitan soja ya duba shi da idonsa ya sa hannu. Likitan yana hawowa arewa sau ɗaya a shekara, ya kwana biyu ya koma. Na yi wata biyar ina haɗa dosiyen. Na nemo takardar sallamarsa, na nemo ta raunin, na rubuta bayani shafi uku da Faransancin da ban jin kunyar kowane mahaluki ya karanta.

Saura abu ɗaya. Doka ta ce mai ciwon kunne ko rikicewar tunani ba ya shiga gaban likita shi kaɗai; sai da ɗan uwa wanda zai maimaita masa tambaya, ya kuma sa hannu a matsayin mai kula da shi. Ni ma'aikaci ne, ba a yarda in shiga ba. Taubashin ya zo biro da kansa ya ce shi zai raka shi.

"Ni na san inda ke mishi ciwo, Mushe. Ni nake kai mishi sabulu. In ya ƙi tuɓewa, ni in tuɓe shi."

Na dube shi. Rigarsa duk maiƙo, bai iya rubuta ko harafi ɗaya ba, kuma na san zai kira Sarjan bawa a gaban hafsan soja ɗan kudu wanda bai san wasan taubasai ba. Na hango dosiyena mai tsabta da tambarin babban yatsa mai warin kifi a ƙarshensa. Dokar ta yarda da dangwala yatsa, na san da haka sarai. Duk da haka na ce masa ana bukatar mai sa hannu da alƙalami. Ya yi dariya ya ce, "To, ku masu boko kun fi mu sani," ya tafi.

Na zaɓi mijin ɗiyar Sarjan ta fari. Mutum ne natsattse, yana cike wa 'yan kasuwa takardun duwan, wato kwastan, a bakin gadar kan iyaka, Faransancinsa mai kyau, tufafinsa a goge. Da na gaya masa, sai ya ce, "Mushe, ni kuwa?" Na ɗauka ladabi ne. Na ja masa kunne cewa ko me ya faru kada ya fito daga ɗakin sai ya sa hannu, domin in ya fito, shekara guda ta tafi.

Ni Bahaushe ne, an haife ni cikin wannan al'ada. Surukina na kaina, har ya rasu bai taɓa ganin na ci abinci ba, ni ma ban taɓa ganin kansa babu hula ba. Amma a makon nan ban tuna da wannan ba ko sau ɗaya. Takarda nake kallo.

Ranar ta zo. Da hantsi mazan jiya sun cika barandar ɗakin da likitan zai duba su, wasu daga Guéné, wasu daga ƙauyukan bakin gulbi. Sarjan ya iso cikin tsohon kakinsa, an wanke an goge. Tun daren jiya bai sha ruwa ba don kada a samu matsala. Da ya ga wanda ke tsaye kusa da ni, sai ya tsaya cak. Surukin ya tuɓe takalma ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya," in ji Sarjan, yana kallon wani wuri dabam. Sannan ya juyo gare ni. "Mushe, ina mai kifin?"

Na ce masa na tsara komai yadda ya kamata. Soja ne. Da aka kira shi, ya shiga, surukin na biye.

Ba su yi minti goma a ciki ba. Abin da ya faru, surukin ne ya ba ni labari daga baya, idonsa a ƙasa. Likitan ya karanta bayanina, ya ce Sarjan ya cire wando ya hau gado. Sarjan bai ji ba. Likitan ya ce wa surukin ya maimaita masa da ƙarfi. Surukin ya buɗe baki, maganar ta ƙi fita, ya juya fuskarsa ga bango. Ya so ya fita, ya tuna da gargaɗina. Likitan ya nuna wa Sarjan da hannu. Sarjan ya ƙame, ya sara masa, ya ce shi kunne kawai ke damunsa, abin da ke cikin takarda kuskure ne. An tambaye shi sau uku, sau uku yana faɗin haka. Mutane arba'in na jira a waje. Likitan ya rubuta maganin kunne, ya ja layi a kan sauran, surukin ya sa hannu da kyakkyawan rubutunsa.

Na bi likitan har bakin mota na yi masa bayani. Ya saurare ni cikin mutunci, ya ce ba zai sa hannu a kan abin da bai gani ba, wanda kuma mai jikin ya ƙaryata a gaban shaida. Gaskiyarsa ce. Ya ce baɗi.

Washegari na tafi Toumboutou. Sarjan ya karɓe ni, ya sa aka kawo mini ruwa, bai ɗaga maganar ba. Taubashin ne ya raka ni bakin hanya.

"Mushe," ya ce, "ko jariri ya san ba a tuɓe mutum gaban mijin ɗiyatai. Wane littafi ne bai gaya muku ba?"

Na hau kabu-kabu na koma gari.

Na rubuta wasiƙu kudu, bakwai ko takwas, ina neman a duba shi kafin shekara ta zagayo. Na sake haɗa dosiyen, na kira taubashin biro, na riƙe masa babban yatsa da hannuna na dangwala a tawada. Bai yi mini ba'a ba ranar nan, kuma tun daga lokacin bai ƙara yi ba.

Da damina ta yi nisa, ciwon ya hau ƙodar Sarjan. Ya yi kwana tara da zazzaɓi, ya ƙi a ɗauke shi daga ɗakinsa, ya cika ranar wata Laraba bayan la'asar. Na je jana'iza. An aje shi a filin da ke gaban masallacin unguwarsu, muka yi sahu uku, surukin yana can baya yana kuka kamar yaro.

Amsar wasiƙuna ta iso bayan sadakar arba'in. An amince ya sauko kudu kai tsaye, shi da mai rakiyar da aka ambata. Ka'idar aiki ta ce a sanar da mai rakiya, saboda haka na ɗauki takardar na tafi kasuwa. Na same shi yana jera kifi a faifai. Na karanta masa da Faransanci, na fassara masa da Hausa. Ya saurara har ƙarshe, ya goge hannunsa a riga, ya ce, "Allah shi saka da alheri, Mushe." Sai wata mata ta zo tana taya kifi, ya juya gare ta.