Abin da Ya Hana Malama Ɗaga-hannu Zuwa Taron Duniya

Maganar ta same ni ne a layin masu karɓar batirin na'urar ji. Matar da ke gabana ta juyo ta ce, ai cibiyar bincike ta tura wakilai babban taron masana ji da kunne na duniya, darakta ya kwashi 'yan gaban goshinsa sun hau jirgi, an bar Malama Ɗaga-hannu wadda ta yi aikin da suka je nunawa. Wai haushin haka ne ya sa za ta ajiye aiki ƙarshen wata. Kowa a layin ya gyaɗa kai. Ni da koyarwa na tsufa, kuma na daɗe da lura cewa labarin da aka yarda da shi tun ba a ƙarasa faɗinsa ba, yawanci akwai ɓangaren da aka bari a hanya. Ga shi in ta tafi ban san wanda zai zauna a kujerarta ba. Na ce bari in bi sawu, in fushi ne in ba ta baki.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce mai gwajin ji a cibiyar. Za ta zaunar da kai a wani ɗan ɗaki mai bango kamar katifa, ta ɗora maka abin sauraro a kunne, ta ce in ka ji ƙara, komai ƙanƙantarta, ɗaga hannu. Daga nan sunan ya bi ta. Sai ta ja ƙofar mai nauyi, ta koma bayan gilashi tana danna na'ura tana kallonka. Amma kullum da safe, kafin kowa ya shigo, a nata kunnen take fara sa abin sauraron. Ta bi muryoyin na'urar daga mai kauri zuwa siririya, dama da hagu, ta tabbatar babu wadda ta dusashe. Haka aikin yake: kunnen mai gwaji shi ne ma'aunin farko.

Ni kaina shaida ce. Lokacin da 'ya'yana suka fara raɗe-raɗin wai rikicin tsufa ya kama ni, ita ta fito daga bayan gilashi ta ce musu ƙwaƙwalwar uwarsu ta fi tasu lafiya, su dai su daina yi mini magana daga wani ɗaki. Wani tsohon ma'aikacin masaƙa kuma ya ba ni labarin shekarun da ta yi tana ɗaukar na'urarta zuwa masana'antu da wuraren niƙa, tana auna ƙarar injuna, tana gwada kunnuwan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ya ce takan shigo da abin toshe kunne, amma da zarar wani ya matso zai faɗa mata damuwarsa sai ta cire, don ba ta iya barin mutum yana yi wa rufaffen kunne ihu. Haka abin yakan wuni rataye a wuyanta. Wannan aikin ne aka kai taron.

Na fara da darakta, na shiga ofishinsa da shirin faɗa, sai na tarar da mutum a gajiye. "Mama, har ɗakinta na je ina roƙo," in ji shi. Ta ce masa tana tsoron jirgi. A zauren taron sunanta ya fara ambata, aka yi tafi, manyan masana suka yi ta tambayoyi, aka ɗauki hotuna. Na tambaye shi abin da ya canja tun dawowarsu. Ya ce injunan masaƙa suna nan yadda suke, abin toshe kunnen ma'aikata yana rataye a ƙusa. Matasan da ta horar kuwa, waɗanda ya tafi da su don su ga duniya, duniyar ta gan su: a wajen taron aka yi musu tayin aiki, yanzu haɗa kaya suke yi.

Daga nan na leƙa wajen mai gyaran na'urorin cibiyar. Da ƙyar ya yi magana. Ya ce tun bara take kawo masa abin sauraron, wai ɓangaren hagu ya yi rauni a siraran muryoyi. Ya buɗe, ya auna, lafiya lau. Ya canja waya don dai hankalinta ya kwanta. Ta sake dawowa da shi, sai ya sa a nasa kunnen a gabanta, ya ji tarau. Ya cire ya miƙa mata. Ta naɗe wayar ta fita.

Da na same ta a ɗakin gwaji, bakina take kallo, ba idona ba. Na san wannan kallon, ni ma shi nake yi wa mutane. Na faɗa mata abin da ake cewa a layi.

"Yaya, ke dai ba kya barin magana ta kwana," in ji ta, tana dariya. "Zo ki zauna a kujerata."

Ta nuna mini inda ake dannawa da inda ake ƙara ƙarfi, ta shiga ciki ta ja ƙofa. Na fara da dama, hannu yana tashi, ko da yake da jinkiri. Na koma hagu. A murya mai kauri ta ɗaga. Na matsa zuwa siririya, na danna, na ƙara, na sake ƙarawa. Hannunta yana kan cinyarta. Tana kallona ta gilashi da murmushi, tana jira in fara.

Bayan ta fito ta ce in duba mata yadda za ta kasance da ta je taron: zaure cike da mutane, lasifika na amsa-kuwwa, wani ya miƙe daga can baya ya jefo tambaya a kan aikinta, ita kuma tana tsaye tana cewa a maimaita. Ba za ta kai aikin mutanen masaƙa a yi masa dariya ba. Na ce ta sa na'ura irin tawa ta ci gaba da aiki. Ta ce na'urar za ta sa ta ji jikokinta, amma ba a tantance na'ura ta cikin wata na'urar. Na tambaye ta ko masaƙa ce ta jawo. Ta ce wataƙila, wataƙila kuma shekaru ne, ba ta da hujja, kuma ba za ta faɗi abin da ba ta auna ba. Sannan ta ce in rubuta, a sarara wa darakta.

To, ƙanwata, na rubuta. Ke ce kika cire kariya don ki saurari waɗanda ba a saurara. Ke ce kika zargi waya da na'ura, da kika gane inda laifin yake kuma ba ki ɓoye don riƙe kujera ba. Mai ji don wasu su ji, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku matasa masu haɗa kaya, ko mutum ɗaya a cikinku ya kwance jakarsa ya zauna bayan gilashin nan. Ku ma'aikatan injuna, ku sauke abin nan daga ƙusa ku sa. Na faɗa ne, ban sa rai ba.

Ba a hana ta tafiya ba, kuma ba fushi take yi ba. Kunnenta na hagu ya daina jin siririyar murya, na dama yana bin sa. Ƙarshen wata za a rufe ɗakin, babu wanda zai karɓa.