Na Janye Sa Hannuna Don Kujerar Shugaban Sashe

Edita, ina roƙon fili in sauke wani abu da ya daɗe yana cina. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da nawa, amma waɗanda abin ya shafa za su gane kansu.

A lokacin ina malamin Turanci a wata makaranta mai zaman kanta a nan Keffi, irin waɗanda ke shirya yara kafin su shiga jami'a. Ni ɗan Angwan Iya ne, nan aka haifi kakana, kuma ina da ƙuruciya da son a san da ni. Wadda ta kawo ni makarantar wata dattijuwa ce 'yar Eggon da ke zaune a Sabon Gari. Ita ce shugabar sashenmu, kowa Mama yake ce mata. Ta koyar da ni a sakandare, kuma da ta ji ina zaune ba aiki bayan hidimar ƙasa, da kanta ta hau keke ta zo ƙofar gidanmu ta ce in kawo takarduna.

Wata shekara aka zo mana da sabon tsarin jarrabawar fita, wadda da sakamakonta yaranmu ke neman gurbi a jami'a. A da yaro yakan rubuta Turanci gaba ɗaya a ƙarshen karatunsa. Sabon tsari ya raba darasin kashi huɗu: nahawu, fahimtar karatu, furuci, da insha'i. Kowane zango a rubuta kashi ɗaya a ajiye makin, wanda ya faɗi wani kashi ya maimaita shi kaɗai, a ƙarshe a ɗauki uku mafiya kyau a watsar da na huɗun. Iyaye suka yi murna, mai makaranta ya fi kowa murna.

Mama ta tara mu a ofis ta ce mu dubi abin da kyau. Kashi ukun farko duk tambayoyin zaɓi ne, yaro zai iya haddace su ya zagaye amsa. Insha'i kaɗai ke buƙatar ya zauna ya yi tunani ya rubuta da hannunsa, don haka shi kowane yaro mai wayo zai watsar. Ta ce za mu yaye yaran da suka ci Turanci amma ba su iya rubuta wasiƙar neman aiki ba. Ba ta ce a soke tsarin ba, abin da ta nema kawai a wajabta insha'i. Ta rubuta takarda, dukanmu muka sa hannu. Ni ne na biyu bayanta, kuma wallahi na san gaskiya ta faɗa.

Bayan kwana uku mai makaranta ya kira ni. Ya sa aka kawo mini lemo, ya yaba koyarwata, sannan ya ce Mama ta tsufa, sashen na buƙatar matashi mai fahimtar zamani. Ya tambaye ni wa ya kitsa takardar. Bai tsorata ni ba, bai ce zai kore ni ba. Ni da bakina na faɗa masa, har na ƙara da cewa ta matsa mana ne. Na rubuta cewa na sa hannu ba tare da na karanta ba. Da sauran malamai suka ji, biyu suka bi bayana, takardar ta mutu. Ƙarshen zango aka ce wa Mama ta je ta huta, aka ba ni kujerarta.

A shekarata ta farko a kujerar akwai wata yarinya Bafulatana daga wata ruga ta wajen Garaku. Mahaifiyarta nono take sayarwa, kuma ita ce ta farko a danginsu da ta kai wannan mataki. Kanta na ja sosai, amma rubutu na ba ta wuya. Sau uku tana biyo ni bayan darasi da littafinta a hannu tana roƙon in koya mata yadda ake haɗa sakin layi. A na ukun na ce mata ta daina ɓata lokacinta, ta riƙe kashi ukun nan, insha'i ba zai shiga lissafi ba. Ta yarda da ni, don ni ne malami. Ta ci da maki mai yawa, aka liƙa hotonta a ƙofar makaranta, ni kuma aka tafa mini a taron iyaye.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, wata ranar Talata da hantsi, maigadi ya ce ina da baƙi. Ita ce da mahaifinta, dattijo da sandarsa. Jami'a ta sallame ta. A can duk jarrabawa rubutu ne, ta san amsa a kanta amma ta kasa sauke ta a takarda. Dattijon ya ƙi zama. Ya miƙo mini takardar sakamakon da ni na sa wa hannu, ya ce, "Malam, ni ban yi boko ba. An ce mini wannan ta ce ta ci, ta can kuma ta ce ba ta iya ba. Wacce ce ta yi ƙarya?"

Na fara kame-kame, ina ɗora laifi kan tsari da masu makaranta. Sai yarinyar ta ɗago kai ta ce, "Malam, ai na tambaye ka."

Suka juya suka tafi.

A makon na nemi Mama. Na same ta a wani ɗan shago a Sabon Gari, tsakanin mai faci da mai ɗinki, tana koyar da yara 'yan firamare a kan benci biyu. Na durƙusa na faɗa mata duk abin da na yi. Ta ce ta sani tun ranar, mai makarantar da kansa ya nuna mata takardata. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta ce in kawo mata yarinyar, za ta koya mata kyauta. Na hau acaɓa har rugar, amma yarinyar ta ce ta gama da makaranta, kunyar da ta sha a gaban danginta ta ishe ta. Yanzu tana bin mahaifiyarta tallar nono. Nakan hango ta a kasuwa, in canja hanya.

Na ajiye kujerar, na bar makarantar. Tsarin yana nan, ana ta tafa wa wanda ya gaje ni. Ba yarinyar nan kaɗai ba ce, ita ce dai ta dawo ta dubi idona. Sauran ban san inda suke ba.

Abin da na koya shi ne, tsari ba ya cutar da yaro sai malami ya ba shi hannu. Ga 'yan'uwana malamai: in kun ga ɓaraka kun faɗa, ku tsaya kan maganarku, don kujerar da za a ba ku ba za ta amsa tambayar uban yaro ba. Ga iyaye kuma: kada maki ya ruɗe ku. Ku ba ɗanku takarda da biro, ku ce ya rubuta muku shafi ɗaya a gabanku. In ya kasa, ku je makarantar ku tambaya tun kafin a liƙa hotonsa a ƙofa.