Fuskar da ta dawo bayan kwana huɗu

Duk faɗin Suleja babu wanda ya san fuska kamar ni. In na kalli mutum sau ɗaya, ko bayan shekara goma na gan shi a duhun cunkoson Madalla, sai na faɗa masa yawan ƙurajen da ya matse yana saurayi. Aikina ke nan. Ni nas ne a wani ƙaramin asibitin fata, amma farar riga ta sa kowa Likita yake ce mini, ni kuma ban taɓa hana kowa ba.

Muna da wata na'ura mai ƙananan allurai da ke tura zafi ƙarƙashin fata, don tabo ya cike, fuska ta yi sumul. Wata Litinin wata mata 'yar kudu ta zo, cikin leshi da ɗaurin kai kamar zai taɓo silin. Saura mako uku a ɗaura auren 'yarta a coci, ga ramukan ƙuraje a kumatunta, ba ta so dangin miji su kalli hoto su yi gulma.

Na shafa mata man kashe zafi, na bi kumatun da na'ura a hankali, wuri bayan wuri. Sannan na yi mata huɗubar da na saba: kada rana ta taɓa ki, kada ki sosa, ban da sabulun bilicin, ga man kare rana safe da azahar.

"Na ji, Oga Likita," in ji ta.

Ranar Juma'a sai ga ta. Wallahi da na ga kumatun nan sai da na zauna. Sun kumbura kamar an hura balan-balan, sun yi duhu. Aikin da na yi da hannun nan nawa! Raina ya ɓaci har kunnena yana hayaƙi.

"Madam, kin shiga rana!"

"Ban shiga ba. Lema na sa, da malafa."

"Kin sosa!"

"Ko kusa."

"To aljanu ne suka dafa ki?"

Na shiga faɗa. Na ce mutanen garin nan haka suke, ka gyara su ɓata, gobe a ce Likita ne bai iya ba. Na yi minti goma ban numfasa ba. Can na tambaye ta, cikin fushi, me take yi tun asuba.

"Ƙosai nake soyawa, bakin titi a Madalla."

Wuta! Mai yana tafasa a gaban sabuwar fata, awa huɗu kullum. Zafin wuta yana cikin abin da ake hanawa, ni ne ban faɗa ba, don na ga leshi na ɗauka matar wani darakta ce. Duk da haka ban sauko ba.

"Me ya hana ki gaya mini sana'arki?"

Na ba ta magani, na hana ta kasko. Kumburin ya sauka kafin biki, duhun kuma sai hoda ce ta rufe shi a hoto. Amma amsar da ta ba ni ran nan har yau ban manta da ita ba. Gyara jakarta ta yi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Oga, shekara shida kana miƙo hannu ta tagar mota kana sayen ƙosaina. Ko jiya ni na zuba maka, har ka ce in ƙara yaji."