Kunnen Usta Usumanu

Usumanu ɗan gwaggona ne, ni 'yar kawunsa, wato taubasai muke. Ina da ikon in kira shi bawana a tsakiyar kasuwar Gadarif, in ce kansa kamar tulu, ya yi dariya ya rama da abin da ya fi zafi. A haka muka tashi, a haka muka yi furfura, kuma ban taɓa zaton wasan nan zai cuce mu ba.

Sana'arsa gyaran firij, abin da mu a nan muke kira tallaja. Ya koya tun yana saurayi a hannun wani tsohon Bahabashe, daga baya ya buɗe shagonsa a bayan layin masu riɗi, bango ɗaya da injin niƙa. Ni kuma ina sayar da shayi da jabana, gahawarmu ta nan, a gindin darbejiyar da ke kallon ƙofarsa, don haka rabin rayuwarsa a gaban idona aka yi ta.

Idan aka kawo masa tallaja, ba ya saurin buɗe akwatin kayan aiki. Yakan haɗa ta da wuta, ya cire hularsa, ya ɗaga hannu kowa ya yi shiru, sannan ya manna kunnensa a jikinta ya lumshe ido. Idan injin ya yi "ƙat" ya tsaya, ya sake yin "ƙat" ya tsaya, sai ya ce ɗan abin da ke tayar da shi ne ya ƙone, aikin shan shayi ɗaya. Idan ya ji gas na kulkul a cikin bututu kamar cikin wanda ya sha ruwa da azumi, ya san jinin jikinta na nan, a nemi ciwon a wani wuri, ko robar ƙofa ko ƙurar da ta toshe ragar baya. Idan kuwa injin na gudu amma ciki shiru, to gas ya tsere. Tun daga garin Shuwak ake ɗoro masa tallaja a mota saboda kunnen nan, kowa Usta yake ce masa, wato gwanin sana'a. Shi ma ya san haka, yana kuma ji da kansa fiye da kima. Na sha gaya masa.

Ni na fara lura kunnen yana tafiya. Shekaru yana jingine da injin niƙa, ba abin mamaki ba ne. Sai in ce, "Usta, shayi ko jabana?" ya ce, "Lafiya lau, ya yara?" A kira salla a masallacin kasuwa, sai ya ga mutane sun miƙe sannan ya miƙe. Matarsa Asiya ta sani, amma ta zaɓi ta riƙa ɗaga murya a gida ba tare da ta ce komai ba. Maƙwabtansa na kasuwa sun sani, amma wa zai dubi mai furfura ya ce masa abin da yake ci da shi ya mutu? Kunya ta rufe bakin kowa, sai nawa.

"Bawana, ka kurumce," na ce masa.

"Kurman da ya ji kina munafuncina tun daga gindin bishiya," ya ce, yana dariya.

Na sake faɗa, ya sake ramawa. Ranar da na tsallaka na zauna a bencinsa, na tsuke fuska, na ce wallahi ba wasa nake ba, ya je a duba shi, sai ya tafa hannu ya ce yau kuma sabon salo na fito da shi. Na yi fushi har na hana shi shayi ranar. Mutum ɗaya ce a duk garin take iya gaya masa gaskiya, ita ce kuma wadda al'ada ta ce maganarta wasa ce.

Da yaƙi ya isa birnin Madani a ƙarshen 2023, Gadarif ta cika ta batse. Cikin waɗanda suka zo har da Safaa, Bahaushiyar Jazira, yankin da Madani take, Hausarta rabi Larabci, da 'ya'yanta ƙanana. Mijinta ya koma ɗauko mahaifiyarsa, ba a sake jin duriyarsa ba. Abin da ta fito da shi daga gidanta, ban da kayan jikinsu, tallaja ce doguwa mai ƙofa biyu, irin ta zamani wadda fanka ke hura sanyi daga sama zuwa ƙasa. Ta samu ɗaki a gidan wata tsohuwa a unguwarmu, ta shiga yin dandurma, ƙanƙarar kuka da ta zoɓo a 'yan ledoji, tana kaiwa bakin kasuwa. Da ita suke ci, da ita suke biyan ɗaki.

Tsakiyar damina tallajar ta fara gardama. Ledojin sama ba sa daskarewa, ƙasa kuwa babu sanyi ko kaɗan, injin yana ta gudu ba hutu. Ni na ce ta kawo wa Usumanu. Aka ɗoro ta a karo, amalanken jaki, ta cikin baƙin taɓon nan namu da ke cire wa mutum takalmi.

Ya haɗa ta, ya cire hula, ya ɗaga hannu. Ya dafa bayanta ya ji injin na kaɗawa. Ya manna kunne a gefe, ya koma ɗaya gefen, ya daɗe. Safaa tana bayansa, ta ce a hankali, tana kiransa baffa da Larabci, "Ya Ammu, tana wata ƙara daga sama, ƙas-ƙas, kamar ana taɓa wani abu." Bai juyo ba. Ina daga bakin ƙofa da tiren shayi, na ɗauka ya ji, tunani yake. Ita kuma ba tarbiyyarta ba ce ta maimaita wa babba magana.

Ya ɗago ya mayar da hularsa.

"Ya bitti, 'yata, malesh, sai haƙuri. Ciki shiru. Gas ya tsere, kuma ba daga waje ba, na duba mahaɗan duka. Hujin yana cikin bangonta, inda hannu ba ya kaiwa. Ko na zuba sabo, zai bi ta nan ya fita."

"Ma fi ɗariƙa, Ammu? Babu wata hanya ko ɗaya?"

"Da akwai da na gaya miki."

Ba ta yi kuka ba. Ta shafa ƙofar tallajar da gefen mayafinta, ta yi godiya. Maganar Usta Usumanu ba a kai ta wani wuri a sake aunawa, don haka a ranar ta sayar wa Awad mai sayen tsofaffin ƙarafa, a farashin ƙarfe.

Bayan damina ta ɗauke, wata safiya Usumanu ya bi ta gaban rumfar Awad, ya ga doguwar tallaja mai ƙofa biyu cike da ruwan sanyi, ana saye. Awad ba mugu ba ne, ya faɗi abin da ya faru ba ɓoye-ɓoye. Ya jingine ta a rana zai farfasa, sai ya ga ruwa na tsiyaya daga cikinta har ya yi kwata. Ya buɗe murfin da ke can cikin ɗakin sama, ya tarar da sauran ƙanƙara ta naɗe bututun, ta cika gurbin fankar. Wayar da ke narkar da ƙanƙarar ce ta ƙone, ƙanƙara ta taru ta toshe hanyar iska, fanka na bugunta tana ƙas-ƙas. Gas ɗinta ko ɗigo bai ragu ba, wayar kawai aka canja ta dawo aiki. Duk wanda ya ji ƙarar nan zai san ciwon, balle Usumanu.

Ya zo gindin bishiya ya zauna, abin da ba ya yi da hantsi. Ya dube ni ya ce, "Jumai, ashe da gaske kike." Ban taɓa son in yi ƙarya a rayuwata kamar ranar ba. Tausayinsa ya kama ni.

Washegari ya kwashe kayan walda, da tulun gas, da injin zuƙe iska, duk abin da ya mai da shi usta, ya kai wa Awad, ya karɓo tallajar. Ya hana a kwantar da ita a karo. A tsaye aka ɗaure ta, yana tafe a gefe yana dafe da ita, ni ina biye, har ƙofar gidan tsohuwar.

Tsohuwar ta fito ta dubi kayan, ta dube mu. Ta ce Safaa ta tashi. Da sana'arta ta tsaya, sai ta kasa riƙe ɗakin, ta bi motar masu yankan riɗi da 'ya'yanta zuwa gonakin wajen Mafaza, kuma ba ta faɗi gonar wa ba.

Usumanu ya juyo gare ni. "Me ta ce?"

Sai da na kafa bakina a kunnensa, a tsakiyar titi, na ɗaga murya: "Ta tafi, Usumanu."

Shagon yanzu wani mai gyaran waya ne a ciki. Tallajar tana zauren gidansa, tana aiki, fanko. Asiya ta taɓa sa gorar ruwa a ciki, ya fitar ya ce ba tasu ba ce. Duk ranar da motocin Mafaza ke shigowa yakan zo gindin bishiya ya tsaya, sai in rufe garwashina in bi shi tasha. Yana bin direbobi da leburori ɗaya bayan ɗaya, yana kwatanta mace 'yar Madani mai yara ƙanana. Shi ke tambaya, ni ke jin amsa. Wani lokaci tun kafin in matso kusa da kunnensa yakan dubi fuskata, ya gyaɗa kai, ya nufi mota ta gaba.