Mai Ɗaurin Gwanda a Hanyar Randagi

Mercy na tsaye a bakin hanyar Randagi tana jiran mashin, idonta na kan wani tsoho a lambun gangaren rafi. Iskar jiya ta yi masa ɓarna. Ayaba ta kwanta, ɗanyar gwanda ta zube birjik, shingen ƙaya ya koma tsakiyar tumatir.

Siriri ne, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, hularsa ta koɗe har ba a gane launinta. Yana kafa turke kusa da kowace gwandar da ta karkata, yana ɗaure ta da tsumma. Tsummokaran duk daga zane ɗaya suka fito, atamfa mai ruwan ganye da aka yayyaga siri-siri. Aikin na mutum biyu ne, wani ya tallafe, wani ya ɗaure. Shi kuwa da goshi yake tokare icen, hannuwansa na laluben ƙulli ta baya.

"Sannu da aiki, Baba," in ji Mercy.

"Yawwa, 'yata. Wani hadarin na haɗowa," ya amsa bai ɗago ba.

Tana son tambayar ina mai zanen, amma bakinta ya yi nauyi. Wataƙila tana cikin waɗanda suka gudu cikin gari da daji ya ɓaci, wataƙila kuma ƙasa ta rufe ta.

Mashin ya tsaya. Tana hawa ta ji tsohon ya ce, "Riƙe mini nan, Huraira."

Ya ɗan dakata, tsumma a hannu. Sannan ya sunkuya, ya sake kai goshinsa.